Idon Baba Barmo

Wannan labari daga bakin surukata na ji shi, Inna Kubura, wadda ta daɗe tana sayar da abinci a ƙofar wata kotun majistare a birni. Mutane kan ce mata kotun 'yan sanda, domin duk wanda aka kama nan ake fara kawo shi. Ranar muna zaune a tsakar gida muna ɓarar gyaɗa, ni da ƙannen maigidana mata. Ni dai ina ji ne kawai. Ga yadda ta ba mu shi.

Akwai wani tsoho, Baba Barmo, maɗinkin hula ne a wani ƙauye mai nisa. Idonsa na hagu ya riga ya mutu, na dama kuma ya fara bin sa. Sai ya ji an ce wasu likitocin ido sun sauka a birni suna aiki kyauta, kuma jajiberin Sallah za su tattara su tafi. Ya zo, suka duba shi, suka ce jijiyar idon ce ke mutuwa, amma in an yi aiki yanzu za a tsare abin da ya rage. Suka ba shi maganin ɗigawa, suka ce ya dawo jibi da safe. Bai san kowa a garin ba, sai ya shimfiɗa buzunsa a tasha. Da asuba 'yan sanda suka yi samame, suka kwashe duk wanda suka tarar a kwance da sunan zaman banza, har da shi. A cikin turereniyar jakarsa ta ɓata, da maganin a ciki. Hantsi na yi aka kawo su kotu, kuma ranar ce ta ƙarshe kafin a tafi hutun Sallah.

To, a kotun nan akwai mutum uku da duk wanda ya shigo sai ya bi ta hannunsu.

Na farko Kofur Tanimu, shi ne odale. Makullin ɗakin masu jiran shari'a yana hannunsa. Aikinsa ya tsare mutum a ciki, in an kira suna ya fito da shi gaban alƙali, kuma ba a fita ɗakin nan sai an kira. Da ya leƙa sai ya ga tsoho a matse a lungu, samari sun cika ɗakin, ga zafi, ga wari, idonsa sai ruwa yake yi.

Ya ce, "Baba, kai kuma me ya kawo ka cikin waɗannan?"

Tsohon ya ce, "Barci, ɗana."

Kofur ya yi dariya, amma abin ya tsaya masa a rai, domin ubansa ma haka yake da gemu fari fat. Ya buɗe ƙofa, ya kama hannunsa, ya zagaya da shi bayan kotu ƙarƙashin darbejiya, ya ce ya zauna nan ya sha iska, in lokaci ya yi shi zai zo ya ɗauke shi. Yana dawowa aka aike shi ya raka wani fursuna zuwa wata kotu, ya bar wa wani kurtu makulli, bai tuna ya faɗa masa akwai mutum a waje ba.

Ta biyu Malama Ladidi, ita ce akawu. Ita ke zama ƙasa da alƙali, ita ke jera ƙararraki, ita ke kiran suna. Aikinta ta kira kowa yadda aka kawo shi, in ba a gan shi ba ta faɗa a fili. Ta fito wanke hannu sai ta ga tsoho jingine da bishiya yana gyangyaɗi. Ta tambaye shi sunansa, ta ba shi ruwa. Cikin kotu kuwa ranar maƙil yake da 'yan kallo, masu dariya in an karanta wa mutum laifinsa.

Ta ce, "Baba, yi kwanciyarka. Ba zan kira ka gaban taron nan ba. Sai an ragu."

Ta koma ta mayar da shari'arsa ƙarshe. Aka shigo da sauran 'yan samamen. Ɗan sanda mai gabatar da ƙara ya miƙe ya ce ba shi da shaida a kan ko ɗaya, alƙali ya ce duk wanda ke tsaye gabansa ya tafi gida. Ladidi ta buɗe baki za ta ce akwai saura ɗaya, sai ta tuna in ta faɗa za a tambayi yadda aka yi mai laifi ya fita ɗaki ba umarni, igiyar muƙamin Kofur kuma za ta tafi. Ta ce a ranta, ai abin da aka yi wa waɗannan shi za a yi masa anjima. Ta yi shiru.

Na uku Malam Sambo, shi ne tafinta. Da Turanci ake shari'a a nan, shi ke mayar wa mutum da Hausa, ya ɗauki amsarsa ya mayar wa alƙali. Aikinsa ya kai magana yadda take, ba ƙari, ba ragi, ba shawara. Sai bayan la'asar aka zo kan Baba Barmo. Lokacin mai gabatar da ƙara na safe ya tashi, wani ne ya karɓe shi, bai san abin da aka yi ba, ya dai karanta tuhumar da ya gani. A kotun kuwa an saba, ƙaramin abu irin wannan in mutum ya amsa, faɗa kawai ake yi masa a sallame shi.

Tsohon ya karkato ya ce a hankali, "Ɗana, yaran can sun ce mini in an tambaye ni in ce na yi."

Malam Sambo ya dube shi. Ya ce, "Baba, kai ɗan zaman banza ne?"

"Allah ya sawwaƙe. Da allura na ci da iyalina."

"To, da furfurarka za ka ɗora wa kanka abin da ba ka yi ba? Faɗi gaskiyarka."

Shi a zatonsa za a sake shi kamar na safe, kuma ya tafi da mutuncinsa. Tsohon ya ce bai yi ba, Malam Sambo ya mayar. Amma a ƙa'ida, in mutum ya musa, sai a sa rana a kawo shaidu. Alƙali ya sa rana bayan hutu. Ya ba da beli, ya ce a kawo mutum ɗaya mai gida a cikin birni ya tsaya masa. Tsohon ya fara cewa, "Ranka ya daɗe, likita ya ce," amma alƙali ya riga ya miƙe, kowa ya miƙe, babu wanda tafinta zai mayar wa maganar.

Sai a lokacin su ukun suka ji zancen idon. Kofur ya dawo kenan. Suka yi ta zagaye suna neman mai tsayawa, amma gari ya watse sayayyar Sallah, kuma ma'aikacin kotu ba ya tsaya wa kowa beli. Inna ta ce ita a gidan haya take lokacin, ko ta je ba za a karɓe ta ba. Motar gidan yari ta zo. Kofur da hannunsa ya taimaka masa ya hau.

Da aka dawo hutu, ko zama bai yi ba aka kori ƙarar. Amma da aka sauko da shi daga mota, sai da aka riƙe masa hannu, yana laluben ƙasa da ƙafa. Likitocin sun tafi. Na asibitin da suka duba shi daga baya suka ce babu sauran abin da za a tsare.

A rumfar Inna aka zaunar da shi kafin a kai shi tasha. Ta zuba masa abinci, yana ci da ƙyar. Su ukun suna tsaye, ba mai kallon wani.

Ya ce, "Ina yaron da ya kai ni inuwa?"

Kofur ya durƙusa. Tsohon ya lalubi kansa ya dafa, ya sa masa albarka. Ya nemi yarinyar da ta ba shi ruwa ta hana a yi masa dariya, ya sa mata. Ya nemi wanda ya hana shi yin ƙarya, ya ce duk kwanakin da ya yi a can wannan ne abin da ya riƙe zuciyarsa, cewa bai ce ya yi ba.

Sannan ya ce, "'Ya'yana, da kowa irinku ne a gidan nan, da yanzu ina ganinku. Abu ɗaya dai ke damuna. A can na ji an ce waɗanda aka kamo mu tare tun kafin azahar suka tafi. To, ni wa ya riƙe ni? Ba ƙararsa zan kai ba. So nake in san shi in yafe masa, kada in tafi da shi a raina."

Su ukun suka ja gefe, bayan rumfa, Inna tana jin su.

Kofur Tanimu ya ce shi ne zai faɗa. Da ya bar shi a ɗaki kamar yadda aikinsa ya ce, da ya sha zafin rabin yini ya tafi da sauran. Amma Ladidi ta ce ai shi ba ya nan lokacin da abin ya faru, fitar da tsoho inuwa kuwa ba ta makantar da kowa.

Ta ce ita ce. Ita kaɗai ce ta ga ƙofa a buɗe da idonta, kalma ɗaya ta rage, ta haɗiye. Malam Sambo ya ce mata ba don kanta ta yi shiru ba, Kofur ta rufa wa asiri, kuma ko bayan shirunta akwai sauran hanya.

Malam Sambo ya ce hanyar nan shi ya toshe ta. Tsohon ya riga ya zo da amsar da za ta fitar da shi, shi ya karɓe ta daga bakinsa, alhali ba a ɗauke shi don ba da shawara ba. Kofur ya ce, "Malam, yanzu kai za ka je ka ce masa laifinka shi ne ka sa shi faɗin gaskiya? Ita kaɗai ce fa ta rage masa."

Suna nan tsaye, tsohon ya gama cin abinci, ya wanke hannu, ya juyo da fuskarsa wajen da yake jin muryoyinsu, yana jira.

Inna ta ce nan za ta tsaya, ba za ta faɗa mana wanda ya je ba sai mun faɗi namu. Ƙannen maigidana suka kama musu har gyaɗar ta ƙare ba su daidaita ba.

To, ku da kuka ji, tsakanin wanda ya fitar da shi, da wadda ta yi shiru, da wanda ya ce ya faɗi gaskiya, wane ne ya kamata ya durƙusa gaban Baba Barmo ya ce, "Ni ne"?