Kujerar Gaban da Norma Ta Samu

Akwai wata dattijuwa a nan garinmu Barnsley, sunanta Norma. Ba za a kira ta muguwa ba, amma da zarar ta ga an ba wani abu, nata ya daina yi mata daɗi ke nan.

Ƙawarta ita ce maƙwabciyarta Audrey, tun suna 'yan mata. Dukansu mazajensu sun rasu. Kowace bazara sukan bi bas ɗin yawon buɗe ido zuwa wata ƙasa, kujera ɗaya, ɗakin otal ɗaya. A wannan shekarar Ostiriya suka nufa.

Kun dai san dokar irin wannan bas. Kowace safiya kowa zai matsa gaba kaɗan, na gaba su koma baya, don kada wani ya mallake kujerar kusa da direba, inda ake ganin komai kuma ake miƙe ƙafa. Mu kuwa a taɓa mana komai, amma ban da layi.

Su Norma can baya suka fara. Ta duba ta ga kafin layi ya kawo su gaba, tafiyar ma ta ƙare. Tun daga nan ta fara tsuke baki.

Bayan sun tsallake teku sun yi nisa, aka tsaya shan shayi. Audrey ta sauko tana ɗingishi, jiri na ɗibarta. Jagorar tafiyar, wata matashiya mai suna Tamsin, ta tare ta.

"Mama, lafiya kuwa?"

"Ba komai, 'yata. Zama ne ya yi yawa. Kada ki damu da ni."

Tamsin ba ta yarda ba. Ta kai ta kujerar gaba, kusa da wani dattijo mai suna Desmond, wanda layi ya kawo shi wurin ranar, shi kaɗai. Desmond ya ce in an yarda, zai ci gaba da zama nan yana kula da ita. Kowa ya ce ya yi daidai.

Kowa, ban da Norma. Domin wannan Desmond ɗin, tun ranar farko take gyara gashi idan zai wuce.

Daga inda take a baya tana hango komai. Wannan ta miƙa wa Audrey alewar minti, wancan ya ba ta matashi. Desmond ya zuba mata shayi daga filas ɗinsa, ya ɗaukar mata jaka, ya riƙe mata hannu a matakala. Idan ya faɗi wani abu Audrey ta yi dariya, sai Norma ta ji kamar an watsa mata ruwan zafi a ƙirji. Kishi ne tsagwaronsa, kuma ta bar shi ya yi ta cinta.

A otal ta ce, "Ke kam ciwon nan ya karɓe ki. Har wani haske kike yi."

Audrey ta yi murmushi. "Haba Norma. Da ana bayar da shi, ai da na ba ki."

Da safen ranar da za su hau duwatsu, Audrey na zaune bakin gado tana fama da sa safa a ƙafa. Norma ta ga sharaɓarta ta hagu ta kumbura suntum, ta yi ja. Ta gani da idonta. Audrey ta yi sauri ta ja siket ta rufe.

"Kada ki faɗa wa kowa. Ba na son a tsayar da bas guda saboda ni."

A wurin karin kumallo Tamsin ta ja Norma gefe.

"Mama, ke ce kuke ɗaki ɗaya. In na tambaye ta, sai ta ce lafiya lau. Ki gaya mini gaskiya, in kira likita kafin mu tashi?"

Kalma ɗaya ake nema a bakin Norma. Amma daidai lokacin ta hango Desmond yana shafa wa Audrey man shanu a burodi.

"Likitan me? Ni na san ta tun ba a haife ki ba. Shagwaɓa ce. Ta ga kujera mai daɗi, ta ga mai hidima, shi ke nan. Mu da muke bin layi ai mu ne wawaye."

Ba ta sassauta murya ba. Audrey ta ji. Ta ajiye burodin a hankali, kunya ta rufe ta.

Da aka zo shiga bas Audrey ta tsaya a ƙofa ta ce wa Tamsin, "Na warke, 'yata. Na daɗe ina tare wa mutane wuri. A ba Norma, ta fi ni son kallon duwatsu."

Kuna tsammani Norma ta ce a'a? Ko irin a'ar nan ta kara ba ta yi ba. Ta gyara mayafin wuyanta ta zauna kusa da Desmond. Audrey ta dafa kujeru ɗaya bayan ɗaya har ta kai baya, ta takure ita kaɗai.

Bas ya kama hawa. Norma tana ta surutu tana nuna ƙanƙara a kan tsaunuka. Desmond kuwa ko filas ɗin bai buɗe ba. Kowa ya manna fuska a taga, babu wanda ya waiwaya. Audrey kuwa numfashi ya fara yi mata wuya, ƙirjinta na suka, amma ta yi gum. Wadda aka kira mai shagwaɓa a gaban jama'a, da wane baki za ta sake cewa wayyo?

Sai da aka tsaya a can sama ɗaukar hoto, Tamsin ta bi kujeru tana duba mutanenta. Ta sami Audrey ta zube gefe, leɓunanta sun canza launi.

A asibiti likita ya ce jini ne ya daskare a jijiyar ƙafarta saboda dogon zama, gudan ya ɓalle ya tafi huhu. Ya dubi Tamsin da Norma ya ce, "Ƙafar nan ba yau ta kumbura ba. Babu wanda ya gani?"

Tamsin ta juya ta kalli Norma. Norma ta kalli ƙasa.

Bas ba ya jiran mara lafiya. Washegari ya wuce da sauran, Norma ta zauna jinya. Da Audrey ta farfaɗo, Norma ta fashe da kuka.

"Na gani, Audrey. Na ga ƙafar, aka tambaye ni, na ce ƙarya kike."

Audrey ta kalle ta. Sannan ta ce da ƙyar, "Na ji ai. Duwatsun fa, sun yi kyau?"



Audrey ta rayu, ta dawo gida, kuma ta yafe. Har yau suna gaisawa ta kan shinge. Amma huhunta bai koma daidai ba, likita ya hana ta doguwar tafiya har abada.

Bazarar da ta biyo baya Norma ta tafi ita kaɗai. Rannan layi ya kawo ta kujerar gaba, halak malak, babu mai ƙorafi. Da bas ya sha wata kwana, wani tafki ya bayyana, sai ta miƙa hannu ta taɓa gefenta ta ce, "Ke Audrey, duba!"

Jakarta ce kawai a kan kujerar.

Darasi: Idan ka ga ana tattalin wani, kada ka tsaya ƙirga abin da ya samu, ka tambayi abin da ke damunsa. Kishi yakan sa mutum ya ga ciwo da idonsa ya kira shi gata. Wanda ya ce maka "ba komai" alhali jikinsa na faɗin akasin haka, ka yi magana a madadinsa tun da sauran lokaci. Ku tura wa 'yan uwa da abokan tafiya, wataƙila akwai wata Audrey da ta yi shiru a kujerar baya.