Ƙullin Dakta Munzali

Munzali bai taɓa shiga ajin likitanci ba, amma a garin Daura in ka kira sunansa tsura ba ka sa Dakta a gaba ba, sai ka gaji da sallama a bakin kemis ɗinsa yana kallon bango. Kwas ɗin 'yan watanni ya yi, ya sami lasisin sayar da ƙananan magunguna, ya kama shago a hanyar zuwa Kusugu. Allah ya buɗa masa, shi kuma ya ɗauka wayonsa ne. Mutum ne mai girman kai, kuma babu abin da ya ƙi jini kamar a ce masa ya yi kuskure.

Abin da ya yi masa suna shi ne haɗin ciwon jiki. Manomi ya wuni a gona, ɗan kabu-kabu ya wuni a kan babur, da yamma kowa ya biyo ya karɓi ƙulli ɗaya a farar leda, ya watsa a baki, gobe ya tashi garau. Munzali yana sayo magungunan ne a Mai'adua, wurin masu tsallako da kaya daga iyaka, ba ya tambayar inda suka fito tunda da araha. In ya dawo sai ya rufe shago, ya ɓare ƙwayoyin daga katinsu, ya juye su a babbar roba, ya gauraya. Kwalayen kuwa, da takardun da ke ciki, sai ya tara su a bayan shago ya cinna musu wuta. Dalilinsa shi ne kada sauran masu kemis su gane sirrin haɗin. Yawancin ƙwayoyin farare ne ƙanana, in sun shiga robar nan ko shi da ya zuba su ba ya iya bambance su.

Akwai wata mai shan ƙullin nan da Munzali bai san da ita ba, wato mahaifiyarsa, Inna Shatu. Shi ne ɗanta na fari, ita kuwa tsohuwa ce mai riƙon al'ada. Ba ta faɗin sunansa, ba ta haɗa ido da shi, balle ta buɗe baki ta ce masa ga abin da ke damunta. Da gwiwoyinta suka matsa mata, sai ta riƙa ba maƙwabciyarta Yelwa 'yan canji tana cewa, “In kin bi ta wurin yaron nan ki karɓo mini, amma kada ki ce ni ce.” Haka ta riƙa sha safe da yamma, tana jin daɗi a ranta cewa maganin ɗanta ne yake tayar da ita.

Munzali yana da 'yar ƙanwa, sunanta Khairunnisa. Ta karanta ilimin haɗa magunguna, ta sami aiki a ƙasar Holan, a wurin da ake sa ido kan illar magani bayan ya shiga hannun mutane. Aikin nasu na haƙuri ne. Likita ko mai kemis ko shi kansa majinyacin, duk wanda ya ga wani abu da bai gane ba bayan shan magani, sai ya aika da rahoto, ko da bai tabbata maganin ne ya jawo ba. Su kuma su tara, su gwada wannan da wancan. In suka ga ƙorafi iri ɗaya yana maimaituwa, sai su bi lambar da ke jikin kwali su gano rukunin da aka yi tare, hukuma ta ba da umarni a janye shi daga kasuwa.

Ana cikin kaka, lokacin da ciniki ya fi kankama, sai ga wayar Khairunnisa. Bayan sun gaisa ta ce, “Kawu, magana ce mai nauyi. An janye wani rukuni na maganin ciwon jiki a nan, an gano ya gurɓata, yana kashe ƙoda. An ce wasu kwalayen sun riga sun fita ta jirgin ruwa zuwa ƙasashenmu. Na san kana saye a Mai'adua. Na turo maka sunan da lambar, don Allah ka duba kwalayenka.”

Munzali ya duba saƙon. Ya san sunan sarai, yana cikin haɗinsa. Amma lamba, ina zai gan ta? Kwalayen sun daɗe da zama toka.

Ya ce, “Ba ni da irinsa.”

Ta ce, “Kawu, ka duba dai. In kana shakka ka dakatar da sayarwa, ka kai wa hukuma su gwada. Kuma duk wanda ya zo maka da kumburin ƙafa ko ɗaukewar fitsari, ka tura shi asibiti, ka kai rahoto.”

Ya ce, “Ke, Khairunnisa! A gabana aka yanke miki cibiya. Don kin sha sanyin Turai shi ne za ki koya mini magani? Su can jikinsu ne ba ƙwari, ko sauro ya cije su sai sun rubuta takarda. Mu nan ba mu san wannan ba.” Ya kashe wayar.

Ni dai abin da ya fi ba ni haushi a labarin nan shi ne, Munzali ya yarda da maganarta a zuciyarsa. Ya tsaya a kan robar nan ya daɗe yana kallo. Ya san abin da ya kamata: ya kwashe ta gaba ɗaya ya miƙa, ya sanar da mutane. Amma yin haka yana nufin ya tsaya gaban jama'a ya ce bai san abin da yake ba su ba. Sai ya sa hannu ya tsince wasu ƙwayoyi da idonsa ya raya masa su ne, ya zubar a kwata, ya ce ai ya yi iyakar ƙoƙarinsa. Ya ci gaba da ƙulli.

Ba a daɗe ba wani manomi daga Sandamu mai suna Ɗantsoho ya zo shagon. Ya jira har layi ya ragu, ya tuɓe takalmi, ya durƙusa.

Ya ce, “Ranka ya daɗe Dakta, ba da tsiya na zo ba. Ƙanena Lawal ne. Tun da aka fara yankan gero yake shan ƙullin nan. Ƙafafunsa suka kumbura, fitsari ya ɗauke, shekaranjiya muka kai shi makwanci. Yanzu kuma ga matata ta fara irin wannan kumburin. Shi ne na ce bari in zo in faɗa maka, ko akwai abin da za a duba.”

Wannan bawan Allah ya kawo wa Munzali abin da a can ƙasar ake roƙon mutane su kawo, kuma kyauta ya kawo shi, da ladabi. Munzali ya dubi sauran masu saye, ya ga sun kasa kunne. Sai ya ɗaga murya.

“Wato ni na kashe ƙanenka ke nan? Kai Musulmi ne kuwa? Mutum ajalinsa ya yi, ka zo kana jayayya da hukuncin Allah a bakin shagona! Kana da shaida? Ka sake faɗin wannan maganar, wallahi gobe a gaban alƙali za ka kwana, ka san hukuncin ɓata suna.”

Ɗantsoho ya rikice. Talaka ne, jin sunan alƙali kaɗai ya isa ya sa shi zawo. Ya shiga ba da haƙuri, yana cewa shi ba haka yake nufi ba. Munzali bai bar shi ya tafi haka ba. Ya ɗebo ƙulli ya tura masa, ya ce, “Gajiya ce ke damun matarka. Ba ta wannan.” Mutumin ya karɓa hannu biyu, har da godiya. Waɗanda ke wurin suka koma gida suna ba da labari, daga ranar duk wanda ƙafarsa ta kumbura sai ya ja bakinsa ya yi shiru, ya ce sanyi ne.

Inna Shatu ma ta yi shiru, amma nata shirun ba na tsoro ba ne. Ta ga ƙafafunta sun cika, ta ga ta wuni ba ta zaga ba, ta kuma ji raɗe-raɗin da ake yi a unguwa. Ta gane. Sai dai uwa ba ta tona wa ɗanta asiri, balle ɗan fari. In ya shigo gaishe ta da safe, sai ta ja zane ta rufe ƙafafun, ta juya fuska ta amsa, “Lafiya lau.” Shi kuma ya ajiye cefane ya fice, yana saurin buɗe shago.

Ranar da ta faɗi a tsakar gida, Yelwa ce ta yi kururuwa. Aka kira Munzali, aka ɗauke ta zuwa asibiti. Likitan da ya duba ta ya ce ƙodarta ta tsaya, ya tambaya ko tana shan wani magani. Inna Shatu ta girgiza kai. Yelwa ta kasa daurewa, ta kwance bakin zanenta ta fito da farar leda, ta ce, “Likita, wannan take sha.”

Munzali ya dubi ledar. Ɗaurinsa ne, da hannunsa ya yi shi.

Likita ya juya ƙwayoyin a tafin hannu, ya ce, “Babu suna, babu kati. Ina kuka samo?”

Yelwa ta buɗe baki, tsohuwar ta riga ta. Da ƙyar muryarta ke fita. Ta ce, “A kasuwa. Wurin wani mai talla ne, baƙo, ya tafi.”

Likita ya ce, “Kash. Da na san abin da ke ciki, da na san ta inda zan fara.” Ya dubi Munzali, ya ce, “Kai da kake harkar magani, ko ka gane su?”

Ɗakin cike yake da 'yan dubiya, har da maƙwabtan shagonsa. Uwarsa tana kwance ta yi masa rufin asiri da sauran numfashinta. Munzali ya sunkuyar da kai ya ce, “Ban gane su ba.”

Sai washegari, da ya ga ta daina gane mutane, ya ja likita gefe ya faɗi gaskiya, ya nuna masa saƙon Khairunnisa. Likitan ya karanta, ya yi masa kallon da bai taɓa mantawa ba. Ya ce, “Jiya ka san wannan?” Likita ya tambaye shi ko gurɓataccen yana cikin abin da ta sha, da sauran abubuwan da ya haɗa, da ƙarfin kowanne. Ya kasa ba da amsa ɗaya tsayayya. Sirrin da ya ɓoye wa masu kemis ya ɓace masa shi ma. Aka ce a garzaya da ita Katsina wankin ƙoda. Ba su isa ba, ta cika a mota, kanta a cinyar Yelwa.

Khairunnisa ba ta yi masa faɗa ba. Da ya kira ta yana kuka, cewa kawai ta yi, “Kawu, na riga na kai rahoto hukumar magunguna ta gida. Kakata ta tafi, amma akwai kakannin wasu.” Ba a share makoki ba jami'ai suka zo, suka kwashe robar, suka garƙame shagon. Gwaji ya nuna gurɓataccen yana ciki. Suka tambaye shi su wa ya sayar wa, don a bi su a karɓo. Ina zai sani? Ƙullin ya shiga aljihun manoma, ya shiga lefen tsofaffi, ya tsallaka ƙauyuka.

Hanya ɗaya ce ta rage, kuma kafin a kai shi kotu aka sa shi ya bi ta. Aka ɗora shi a bayan a-kori-kura, aka ba shi lasifika, aka riƙa zagayawa da shi kasuwa-kasuwa. Mutumin da ba ya amsa sallama sai an ce Dakta, shi ne yake tsaye a rana yana shela da bakinsa: “Jama'a, ni ne Munzali mai kemis. Duk wanda ke da ƙullina kada ya sha, ya kawo shi, guba ne. Shi ya kashe mahaifiyata.” Wasu suka kawo, wasu suka tofa masa yawu. A kasuwar Sandamu wata mata ta jefo ledar cikin motar, ta ce sun makara, matar Ɗantsoho tun makon jiya aka binne ta.

Darasin da ke cikin wannan labari shi ne, wanda ya zo ya ce maka maganinka ya cuce shi ba maƙiyinka ba ne, ya kawo maka ceto ne, kai da waɗanda ba ka san suna sha ba. Mai sayar da magani ya bar shi a kwalinsa, ya san inda ya samo shi, ya saurari ƙorafi, ya kai rahoto ko da yana shakka. Mai sha kuma ya daina kawaici da jikinsa, ya faɗi abin da ya ji, ko da na gida ne ya ba shi, don shirun da ya yi zai iya zama ajalin wani. Kada kuma a fake da ƙaddara a rufe bakin mai gaskiya, domin Wanda ya ƙaddara shi ne ya umarce mu da riƙon amana. Girman kai rawanin tsiya ne, kuma kunyar cewa “na yi kuskure” ta fi sauƙi nesa ba kusa ba a kan abin da Munzali zai ɗauka har ƙarshen ransa.