Wanda Ya Ari Fuskar Maƙwabciyarsa

An yi wani mutum a nan Jalingo, a unguwar Abbare. Ba za mu ambaci sunansa ba, don yana raye, kuma abin da ya same shi ya ishe shi.

Mutumin nan ba ɓarawo ba ne, ba mashayi ba ne. A sahun gaba yake salla. Ya gama makaranta, ya yi yawon neman aiki har takalminsa ya cinye bai samu ba, sai ya zauna ya koya wa kansa wata sana'a ta zamani. Yakan buɗe wa 'yan kasuwa shafi a intanet, ya yi ta gyara shi, yana zaɓo kalmomin da mutane suka fi rubutawa idan suna neman abu a waya, har sunan mai kasuwar ya hau sama. Baƙo ya rubuta yana neman mai sayar da taya ko mai ɗinkin labule a Jalingo, wanda mutumin nan ya yi wa aiki shi zai fara gani. Sana'a ce ta halal. Da ita ya yi aure, da ita yake ciyar da matarsa Saliha da jaririnsu. A unguwa ma an daina kiran sunansa, sai dai Mai Kwamfuta.

Maƙwabtansa na jikin katanga Kiristoci ne, Elias da matarsa Dinatu, wadda ake kira Maman Murna. Elias malamin gona ne na gwamnati, an tura shi Gembu can kan dutse, sai ƙarshen wata yake saukowa gida. Lokacin da Saliha ta haihu, danginta suna nesa, Dinatu ce ta dafa mata ruwan wanka, ta dama mata kunu, ta goya jaririn.

Wata rana wani mai masaukin baƙi, Alhaji Saleh, ya kira shi aiki. Masaukin sabo ne, ɗakuna a share, amma ba mai kwana. Mai Kwamfuta ya yi aikinsa tsakani da Allah. Ya ɗauki hotuna masu kyau, ya rubuta kwatance, ya sa wurin a taswira. Shafin ya ɗan motsa, ya tsaya. Waɗanda ke samansa tsofaffin otal ne da jama'a suka kwana suka rubuta yabo, suka ba su taurari, shi kuwa injin bincike wanda aka fi yabo yake ɗagawa.

Ya yi wa Alhaji bayani. Alhaji ya ce, "To, ka rubuta yabon mana. Kai ba ka da hannu ne?"

Ya ce, "Alhaji, ai wanda ya kwana shi ke yabo."

"Wa zai kwana bai ga yabo ba? Ka fara mana kawai, na gaskiya za su biyo baya."

Wannan magana ta kwanta masa. Ya ce a ransa, ai ɗakunan da gaske suna da tsabta, wa na cuta? Ya 'yan uwa, haka Shaiɗan yake shigowa. Ba ya ce maka yi ƙarya. Cewa yake yi, gaskiya ce za ka ɗan taimaka wa.

Mai Kwamfuta ya nemo layukan waya na aro da na yarwa, ya buɗe akawun da sunayen da ya ƙirƙira, ya ɗauko hotunan mutanen wasu ƙasashe ya liƙa. Da Alhaji ya gani sai ya fashe da dariya. Ya ce, "Wane Bature ka taɓa gani a ƙofata? Fuskokin gida nake so, waɗanda in mutum ya gani zai ce, wannan namu ne. Kuma ka sa mata. Ka nuna cewa wurina ba a sa wa mutum ido."

Ina zai samo fuskokin gida? Sai ya tuna da hotunan ranar sunan ɗansa, suna nan cikin kwamfuta. Ya buɗe, ya riƙa yanko kawunan mutanen da suka zo taya shi murna. Hoton ai ƙarami ne, bai fi farce ba, wa zai gane? Cikin waɗanda ya yanko har da Dinatu, tana dariya, da ɗankwalin zumuntar mata na cocinsu a kanta. Ya sa mata suna Hope. A ƙarƙashin fuskarta ya rubuta da Turanci cewa duk lokacin da take son hutawa ba tare da kowa ya sani ba, nan take zuwa, ɗakuna lafiya lau, ma'aikata ba su da surutu.

Aiki ya yi kyau. Masaukin ya hau saman kowa. Baƙi suka fara cika ɗakuna, wasu 'yan kasuwa suka ji labari suka yi ta nemansa. Ya manta da zancen.

Sai aka kira wani taro na ma'aikatan gona a Jalingo. Wani abokin aikin Elias a Gembu ya ɗauki waya yana neman inda zai sauka. Wane shafi ne ya fara fitowa? Wanda mutumin nan ya ƙware wajen ɗagawa. Abokin aikin ya danna ƙaramin hoton Dinatu, hoton ya buɗe ya cika waya. Ya taɓa cin abinci a gidan Elias, ya san matar. Maimakon ya ja Elias gefe, sai ya miƙa wayar ana zaune a ofis. Kafin Elias ya sauko daga dutse, hoton shafin ya riga shi isowa, yana yawo daga waya zuwa waya.

Ku yi tunanin matar da mijinta ke nesa, a ga fuskarta tana yabon ɗakin otal, da sunan da ba nata ba. Me mutane za su ce? Sun faɗe shi duka. A coci aka ce ta ɗan dakata da zumunta sai an bincika. A kasuwa ana nuna ta da baki. Elias mutum ne mai haƙuri, amma an yi masa dariya a gaban na ƙasa da shi, ya daina cin abincinta.

Da hantsi Dinatu ta shigo shagon Mai Kwamfuta, idanunta sun kumbura. Ya ba ta kujera. Ta miƙa masa waya, ta ce, "Mai Kwamfuta, kai ne ka san abin nan. Ka duba mini waye ya yi mini haka. Ni ko ƙofar wurin ban sani ba, Allah ne shaidana. Baban Murna ya ce in tafi gidanmu Kona sai ya yi tunani."

Nan ne, ya 'yan uwa, Allah ya buɗe masa ƙofa. Magana ɗaya ce: ni ne. Da ya faɗa, da ta koma ɗakinta a ranar. Ya hango masu ba shi aiki suna watsewa, ya hango idon Saliha. Ya ce, "Maman Murna, ki yi haƙuri. Zan duba."

Ta yi masa godiya. Har albarka ta sa masa.

Tana fita ya rufe shago, ya zauna zai goge abin a ɓoye. Sai ya tarar ya manta lambar sirrin akawun ɗin. Layin da ya buɗe da shi kuwa ya daɗe da jefarwa. Ya gwada wannan, ya gwada wancan, ƙofa ta ƙi buɗuwa. Ya aika ƙorafi a cire, ba amsa. Kuma da yake jama'a suna ta dannawa don su ga abin kunya, yabon Dinatu shi ya dawo na farko a shafin. Abin da ya gina da hannunsa ya fi ƙarfin hannunsa.

Ya ga an ɗora jakarta a Keke Napep. Ya ji Murna tana kuka ta bayan katanga. Saliha tana tsine wa wanda ya aikata, shi yana cewa amin a hankali. Abinci ya daina shiga masa. In ya yi kabbara, fuskar nan mai dariya ke tsaya masa a gaba. Kullum yana cewa gobe zan faɗa, goben ba ta zo ba.

'Yan uwan Dinatu ba su zauna ba. Suka ɗauki dattawan coci suka je wurin Alhaji Saleh, daga nan magana ta kai gaban mai unguwa. Alhaji ya rantse bai taɓa ganin matar ba. Ya ce, "Ni ɗaki nake haya. Abin da ke cikin waya, ku tambayi yaron da na ba aiki."

Aka kira Mai Kwamfuta. Aka buɗe shafin a gaban jama'a ana duba fuskoki ɗaya bayan ɗaya. Wannan ya ga ƙanwarsa. Wancan ya ga ladanin masallacinsu. Wani ya ga mahaifinsa yana yabon katifar otal, alhali a lokacin da aka rubuta yabon tsohon yana kabari. Duka mutanen da suka ci shinkafar sunan ɗansa ne. Mai Kwamfuta bai yi musu ba. Ya durƙusa yana kuka.

Elias bai ɗaga masa hannu ba. Cewa kawai ya yi, "Kullum in na tafi, kai nake ce wa ka duba mini gida."

Daga nan komai ya zube. Masu shaguna suka karɓe shafukansu, don ba wanda ke son a ce yabonsa na ƙarya ne, har waɗanda ya yi wa aikin gaskiya. Mai gidan haya ya ce ya tashi. Saliha ta ce ba za ta iya haɗa ido da matan unguwa ba, ta ɗauki ɗanta ta tafi gidansu. Ya sayar da kwamfutar.

Dinatu ta koma ɗakinta, an wanke ta a coci a gaban kowa. Amma hoton ya je garuruwan da wankewar ba ta je ba. Kafin ya bar unguwar ya je neman gafara, ya tsuguna a ƙofar gida. Ta fito ta dube shi, ta ce, "Hoton na yafe. Neman abinci ne ya ruɗe ka. Amma ranar da na zo ina kuka, ka ba ni kujera, ka ce za ka duba, wannan ka bar ni da shi tukuna. Ban iya ba."

Ya 'yan uwa, kada wanda ya yi masa dariya. Da yawanmu mun fi shi laifi, asirinmu ne bai tonu ba. Tallata kaya halal ne, ɗaga shafi halal ne. Amma tauraron da ka ba wurin da ba ka taɓa shiga ba, shaida ce ka bayar, kuma shaidar zur tana cikin manyan zunubai, ko da baki aka yi ta ko da yatsa. Mai biya a rubuta masa yabon ƙarya yana da kasonsa. Mai tura hoton matar mutane yana dariya yana da nasa. Maƙwabci kuwa haƙƙinsa na wuyanka, ko masallaci yake zuwa ko coci.

In kuma ka riga ka yi ɓarna, ka faɗa tun wanda ka cuta yana zaune a gabanka. Kunyar wannan sa'a ta fi sauƙi a kan abin da ke biyo bayan shiru.

Allah ya kiyaye mu daga shaidar abin da ba mu gani ba. Allah ya kiyaye mutuncin maƙwabtanmu daga hannayenmu. Shi kuma bawan nan, Allah ya karɓi tubarsa, ya sanyaya zuciyar wadda ya cuta. Amin.