Madafar Gwaggo Tabawa

An yi wani mutum a wani gari, jama'a, tun lokacin da siminti ya fara shiga gidajen talakawa. Sunansa Tanimu, sana'arsa ɗinkin hula. Bawan Allah ne mara hayaniya. Gidan ƙasa ya gada wurin ubansa, a cikin gidan kuwa akwai wata tsohuwar madafa.

Duk wanda ya tashi a irin gidajen nan ya san madafar da nake nufi. Murhun duwatsu, rufin azara, bango ya yi baƙi ƙirin da hayaƙi, ƙwarya na rataye a ragaya, ƙanshin daddawa ya kama ginin har ba ya fita. Allah Ya jiƙan iyayenmu, a nan suka ƙarar da ƙuruciyarsu don mu ci.

To, madafar nan ta tsufa. Da damina rufi na yoyo, kullum hayaƙi na sa matarsa Hansatu tari. Tanimu ya yi mata alkawari zai rushe ya gina sabuwa. Ya yi ta tara bulo da kwano kaɗan-kaɗan, har ya yi magana da magini.

Amma ku saurara. A gidan akwai ƙanwar ubansa, Gwaggo Tabawa. Tsufa ya tafi da ganinta, ba ta kuma da ɗa ko jika. Ko'ina za ta je sai an ja mata sanda, ban da madafar nan. Nan ba ta bukatar ido. Hannunta ya san inda randa take, ya san inda muciya take. Ita ke dama wa yara kunu kowace safiya.

Ana gobe magini zai zo, bayan la'asar, Tanimu ya leƙa ya tarar da ita ita kaɗai tana shafa bango.

Ya ce, "Gwaggo, me kike nema?"

Ta ce, "Ba komai, ɗan nan. Sallama nake yi da wurin. Ka ji wannan ramin? Nan babarka ke ajiye gishiri. Ni da ita muka yaɓe murhun nan." Ta ƙara da cewa, "Ka yi aikinka, yarinyar nan ta sha hayaƙi. Ni sai in zauna a ɗaki a riƙa kawo mini."

Ba ta roƙe shi ba, jama'a. Ba ta roƙe shi ba.

Tanimu ya sami matarsa ya ce ba za a taɓa madafar ba. Ranta ya ɓaci, ta ce, "Malam, alkawarina fa?"

Ya ce, "Yana nan. Rumfata za a cire, a gina miki a wurin."

Rumfar nan kuwa a nan yake ɗinkinsa, a nan yake shan iska, ita kaɗai ce wurin hutunsa a gidan. Aka cire ta, aka gina wa Hansatu sabuwar madafa a wurin. Ya koma zaure mai duhu da zafi yana ɗinki. Tsohuwar madafa kuwa ya hau da kansa ya toshe yoyon, bai gusar da ko ludayi daga inda yake ba.

Maƙwabta suka yi ta dariya, wai gida ɗaya madafa biyu. Gwaggo Tabawa ta ci gaba da dama kununta shekaru. Hansatu ma, in ta sauke girki, can take zuwa ta zauna hira. Har Allah Ya karɓi tsohuwar, ba ta taɓa jin ta zama kaya a gidan ba.

To jama'a, gyaran gida halal ne, sauƙaƙa wa iyali lada ne. Amma ciyar da tsoho bai isa ba, sai ka bar masa abin da zai ji har yanzu yana da amfani. Da yawanmu mun gyara gida, mun ture iyayenmu ƙuryar ɗaki muna cewa hutu muka ba su. Kowa in ya koma yau, kafin ya kira magini, ya fara zama kusa da tsohon da ke gidansa ya tambaye shi. Allah Ya ba mu ikon kyautata musu tun suna raye.