Abin da Aka Rubuta a Katin Mu'minatu

Akwai wani ma'aikacin jinya mai suna Malam Muntaka, mazaunin Limawa a Dutse. Ya shekara goma sha biyar yana aiki a wani ƙaramin asibitin masu taɓin hankali da ke bayan gari. A shekarar 2001 abin nan ya faru.

Mutumin ya san aikinsa, wannan ba musu. Matsalar ita ce ya san ya sani. Da an yi maganar rubutu sai ya ɗaga kafaɗa ya ce, "Ni da ido nake aiki, ba da biro ba."

Kowane majinyaci a asibitin yana da kati. Likita yakan zo daga Kano ranar Alhamis da safe, bayan kowane mako biyu. Abin da ya gani a kati, da shi yake ƙara magani, da shi kuma yake sallamar mutum.

Malam Muntaka ne mai aikin safe. Tun da aka fara aiki da shari'ar Musulunci aka raba ɗakin maza da na mata, sai ya daina shiga wajen matan. A bakin ƙofa yake tsayawa ya yi sallama.

"Kun tashi lafiya?"

"Lafiya lau, Malam."

To, wa ya taɓa amsa gaisuwa da wani abu daban? Amma abin da yake rubutawa a kati ke nan: lafiya. Da azahar ta yi sai ya kulle katunan a durowa, ya jefa mabuɗi a aljihu, ya hau babur ɗinsa.

Mai aikin yamma wata sabuwar ma'aikaciya ce, Shamsiyya. Sau biyu tana roƙonsa mabuɗin. Ya ce, "Yarinya, katin gwamnati ba wajen koyon rubutu ba ne." Sai ta sayi littafin rubutu irin na 'yan makaranta, ta riƙa rubuta abin da ta gani a ciki. Ba wanda ya taɓa buɗe shi sai ita.

A cikin matan akwai Mu'minatu, daga wani ƙauye a gefen Jahun. Bayan haihuwarta ta fari hankalinta ya taɓu, aka kawo ta da jaririyarta a baya. Ba ta duka, ba ta zagi. Da safe takan share ɗaki, ta yi wa 'yar wanka, ta gaishe da kowa cikin ladabi.

Da likita ya zo ya tarar da "lafiya" goma sha huɗu a jere a katinta. Ya yi mata tambayoyi, ta amsa tiryan-tiryan. Ya sallame ta. Mijinta Idirisu ya zo ya tafi da ita yana ta godiya.

A ranar Shamsiyya tana Haɗeja wajen sunan 'yar yayarta. Sai Litinin ta dawo, ta iso da wuri, ta leƙa ɗaki ta ga gado a kaɗe.

"Malam, ina Mu'minatu?"

"Ta warke, tana gidan mijinta."

Shamsiyya ta ciro littafinta daga jaka ta buɗe a gabansa. Ya so ya ture shi, sai idonsa ya faɗa kan layin farko.

"Laraba. Ana kiran la'asar ta miƙe ta fuskanci bango ta ce, na'am. Na tambaye ta wane ne. Ta ce wanda ke cikin tsohuwar rijiyar garinsu. Ya ce ta je masa da yarinyar. Saura kwana goma sha biyu."

"Alhamis. Ta sake amsawa. Saura goma sha ɗaya."

Ya riƙa juya shafi. Kullum lokaci ɗaya, kullum bango ɗaya, lissafin yana raguwa ɗaya-ɗaya ba kuskure. Layin ƙarshe na Larabar da ta wuce ne: "Yau ta yi murmushi. Saura biyar."

Shamsiyya ta ce, "Malam, na faɗa maka a baki ran Talata. Ka ce haka masu jego suke."

Ya shiga ƙirgawa da yatsu: Alhamis, Juma'a, Asabar, Lahadi. Yatsa na biyar ya tsaya a kan Litinin. Ya dubi agogo, ƙarfe biyu ta wuce.

Tun da Malam Muntaka yake hawa babur bai taɓa gudu irin na ranar ba. Ya wuce Jahun, ya sauka daga kwalta ya shiga rairayi.

Ƙauyen shiru, duk mutane suna gona. Ko kaza bai gani ba. Ya tarar da Idirisu a ƙofar gida yana gyaran ƙotar fartanya.

"A'a, likita, kai ne a garinmu?"

"Ina matarka?"

"Ta fita da goyo yanzun nan. Na ce ta huta, ta ce ana jiranta. Ai tunda takardarku ta ce ta warke ban hana ta fita."

"Ina tsohuwar rijiya?"

Idirisu ya dube shi, ya ajiye ƙotar a hankali. "Wannan ai shekara ashirin ba a ja ruwa a cikinta ba."

Suka bi ta cikin gero da gudu. Daga nesa aka soma kiran la'asar.

Tana zaune a bakin rijiyar, ƙafafunta biyu a ciki, jaririyar tana barci a bayanta. Ta jera takalmanta a gefe kamar mai shiga masallaci. Suka ji ta ce, da murya mai laushi, "Na'am."

Malam Muntaka bai tsaya tunanin ya halatta ko bai halatta ba. Ya damƙi majanyinta ta baya da hannu biyu ya ja, suka zube a ƙasa. Jaririyar ta farka ta tsala kuka. Idirisu ya rungume su yana salati.

Mu'minatu ba ta yi kokawa ba. Ta juyo ta dubi Malam Muntaka da mamaki a fuskarta.

"Malam, me ya sa? Kullum ina faɗa wa Malama, ina kallonta tana rubutawa. Da aka ce in tafi gida, na zaci ka karanta ne, ka yarda in je."

Malam Muntaka, babban mutum mai furfura a gemu, ya zauna a kan ƙasa ya rufe fuska da hula yana kuka.

Darasi: Idan an ba ka amanar marar lafiya, rubuta abin da ka gani, ba abin da ka zata ba, kuma ku rubuta a wuri ɗaya inda na bayanku zai karanta. Kada girman kai ya hana ka sauraron ƙaramin ma'aikaci. Ku tura wa duk wanda kuka sani yana aikin asibiti ko yana jinyar wani a gida.