Yadda Kura Ta Ɗaga Wutsiya a Majalisa

Da na kai ruwa zaure, na ji abokin maigidana yana tambaya: "Wai wane ɗan majalisa zai yarda da dokar kare mai tona asiri, alhali nasa asirin za a tona?" Na dawo ciki. Amma ku matso, matan gida. Ga ta nan, ga ta nanku.

"Ta zo mu ji ta, amarya, ki ɗaga murya!"

Namun dawa ne suka yi rumbun gyaɗa na kowa da kowa saboda rani. Kullum gyaɗa sai raguwa take. Ran nan Zabuwa ta ga Kura da Dila suna ɗiba, ta kwarma ihu. Kura ta ce sharri ne, ta kuma rantse sai ta cinye ta.

Giwa, shugabar majalisa, ta ce a kawo doka: wanda ya fara tona ɓarna, ba mai taɓa shi. A majalisar dawa kuwa da wutsiya ake ƙuri'a. Ka yarda, ka ɗaga. Ka ƙi, ka zauna a kanta.

Kura ta bi 'yan majalisa gida-gida da gyaɗar rumbu don su ƙi dokar. Ta zo wa Kurege.

"Ƙanena, ranar ƙuri'a wutsiyarka fa?"

"Yaya Kura, ai ciwo take. Ko motsi ba ta yi."

Ta zuba masa, ya cika kumatu. Ta ƙara, ya ƙara cikawa. Sai Kura ta lashe baki ta ce, "Doka na faɗuwa, duk wanda ya gan ni da gyaɗar nan, a cikina zai kwana."

Ta tafi. Kurege na tauna, na tauna, sai ya tsaya cak. Shi ma ai ya gan ta!

Ya ruga gidan Dila. "Malam Dila, kana nan kana barci? Kura ta ce da doka ko ba doka, kai za ta ɗora wa satar gyaɗa. Amma in doka ta zauna ka riga ta magana, ka tsira."

Dila ya ce, "Ni za ta yi wa wayo?"

Ya ruga gidan Kura. "Yaya Kura, kina nan kina barci? Dila ya ce da doka ko ba doka, ke zai ɗora wa. Amma in doka ta zauna kika riga shi magana, kin tsira."

Kura ta ce, "Wannan mai ƙaramin bakin?"

Haka ya bi duk wanda ya ci gyaɗa, kowa da wanda zai ɗora masa.

Ranar ƙuri'a Zabuwa ta raɓe bayan Giwa. Giwa ta ce, "Waɗanda suka yarda?"

Dila ya saci kallon Kura. Kura ta saci kallon Dila. Sai fit, wutsiya sama! Ta Biri sama, ta Gyado sama. Kura tata gajeruwa ce, sai da ta kama ta da hannu ta miƙe ta. Kwaɗo ba shi da ita, ya ɗaga ƙafa.

Giwa ta ce, "Doka ta zauna."

"Dila ne!" in ji Kura.

"Kura ce!" in ji Dila.

Giwa ta ce, "Kun makara, Zabuwa ta riga ku. Amma mun gode da shaida." Aka ɗaure su wutsiya da wutsiya, aka ce su nome gyaɗar bana. Zabuwa ta hau rumbu tana guɗa.

Kura ta ce, "To a duba kumatun Kurege!"

Giwa ta matsa su da haure, gyaɗa ta zubo.

"Ranki ya daɗe, shaida ce nake ajiye wa majalisa."

"Ina sauran?"

"Na ɗanɗana ne, don in tabbata ta rumbu ce."

Majalisa ta fashe da dariya, aka sake shi.

Ƙurunƙus kan kurege. In za ka sayi wutsiyar ɗan majalisa, kada ka gaya masa abin da za ka ci da rana. Ni kam na san ramin da Kurege ya ɓoye sauran gyaɗar, amma dokar ta dabbobi ce, ba ta iso garinmu ba. Ba wanda zai ji a bakina.