Igiyar da Alhaji Rifa'at Ya Yanke

Akwai wani iyali da muka zauna bene ɗaya da su a unguwar Shubra, lokacin da korona ta shigo Masar. Maigidan sunansa Sabri, yana da gidan shayi a bakin titi. Matarsa Nagwa ma'aikaciyar jinya ce a wani asibitin gwamnati. Sai mahaifiyarsa, Ummu Sabri, tsohuwar da bakinta ya fi ƙafarta lafiya.

Da aka rufe makarantu da masallatai da gidajen shayi, Sabri ya dawo zaman gida. Mutumin da bai san inda ake ajiye gishiri ba, shi ne ya koma mai girki. Shinkafarsa in ba ta ƙone ba ta caɓe, uwar kuma tana kan kujera tana yi masa tsiya.

"Ka tsufa kana dafa wa ƙattai shayi, amma shinkafa ta gagare ka!"

Nagwa kuwa in ta dawo aiki, a ƙofa take barin takalmi, ta yi wanka, ta shige ɗakin da ta ware wa kanta don kada ta kwaso wa tsohuwa ciwo. A ajiye mata abinci a ƙasa, a ƙwanƙwasa, a ja baya. Hira ma ta bayan ƙofa ake yi.

Cefanen gidan duk da kwando ake yin sa. Kullum da safe Ummu Sabri za ta fito baranda, ta zura kwandonta da igiya har ƙasa, mai gurasa da mai wake su saka mata, ta jawo. Tun tana amarya haka take yi. Kuma dole kwandon ya bi ta gaban barandar Alhaji Rifa'at, wanda ke zaune a ƙasansu.

Shi Alhaji Rifa'at tsohon babban ma'aikaci ne. Shi kaɗai yake zaune, ɗansa yana aiki a Kuwait. Shi ya naɗa kansa shugaban mazauna benen, aka ƙyale shi don babu mai son doguwar magana.

Wata rana ya hau, ya tsaya nesa da ƙofarsu da takunkumi biyu a fuska.

"Sabri, zaɓi biyu ne," in ji shi. "Ko matarka ta ajiye aikin nan, ko ku tattara ku bar mana gida. Ba za a kwaso mana mutuwa daga asibiti ba."

Kafin Sabri ya buɗe baki, Nagwa ta amsa daga ɗakinta.

"Alhaji, aiki ba zan ajiye ba, gida ba zan bari ba. Sai ka nemo na uku."

Washegari kwando yana hawowa, Alhaji ya sa almakashi ya datse igiyar. Gurasa da wake suka watse a titi. Ya ce kwandon gidan masu ciwo ba zai ƙara wucewa ta gabansa ba.

Ummu Sabri ta leƙo. "Rifa'at! Kwandon nan ya riga ka shigowa gidan nan. Kana yaro ma ka sha satar min gurasa a cikinsa!"

Ta kwance igiyar shanya ta ɗaura. Ya yanke. Ta yayyaga tsohon zanin gado ta tufka. Ya yanke. Sai Sabri ya ɗauko sarƙar da yake ɗaure kujerun gidan shayinsa. Daga ranar, kwandon da ƙarar sarƙa yake sauka, da ƙara yake hawa, tsohuwa kuma da gangan take ja a hankali in ya zo saitin Alhaji.

Abin da har yau yake ba ni haushi shi ne maƙwabta. Mutanen da Nagwa ta sha yi wa 'ya'yansu allura ba ko sisi, su ne suka bi Alhaji wajen mai benen. Mai benen ya ce a ƙarshen wata zai zo, in har mazauna suna kan bakansu, Sabri zai tashi. Ina za su je cikin kulle, da tsohuwa, ga sana'a ta tsaya?

Ana cikin haka Ummu Sabri ta lura Alhaji ya daina fitowa zagin kwando. Taga a rufe, sai tari da ake jiyowa. Ashe ciwon ya kama shi, yana ɓoyewa, don da bakinsa ya ce duk mai shi ya bar gidan. Da magana ta fita, mai gadi ya ƙi hawa wajensa, yaran shago suka daina kai masa saƙo, jirage kuma a tsaye, ɗansa ba halin zuwa.

Tsohuwa ta sa Sabri ya kaɗa miyar lalo da kaza, tana tsaye a kansa don kada ya ɓata. Ta zura kwando, ta tsayar da shi daidai barandar Alhaji, ta yi ta girgiza sarƙa har ya fito yana dafa bango.

"Hajiya, ba na so," ya ce da ƙyar.

"Ka ci ko ka yanke. Sarƙa ce dai, sai ka nemo zarto."

Ya miƙa hannu ya ɗauka.

Nagwa tana dawowa aiki ta wuce wajensa. Tana fitowa ta tarar da maƙwabta a matakala, wai yanzu Alhaji suke so a fitar. Ta tsaya a bakin ƙofarsa.

"Likita ya ce jinyarsa a gida za a yi. Mu ba mu tashi ba, shi ma ba zai tashi ba. Mai jin tsoro ya shiga ɗakinsa ya rufe, ai dama abin da aka ce mu yi ke nan."

Ɗaya bayan ɗaya suka sulale. Haka aka ci gaba, kwando yana kai abinci, Nagwa tana duba shi safe da yamma, har Allah ya tashi kafaɗarsa.

Ranar da mai benen ya zo, Alhaji ya fito baranda da sanda, ya rame.

"In Sabri zai tashi, ka fara fitar da kayana," ya ce masa. Daga nan maganar tashi ta mutu.

Da safe Ummu Sabri ta jawo kwando ta ji ya ɗan yi nauyi. Ban da gurasa, sai ga sabuwar igiya a naɗe, da almakashin nan a kanta. Ta ɗaga shi ta jujjuya, sannan ta leƙa ƙasa.

"Almakashin na karɓa, Rifa'at. Amma sarƙar tana nan, na saba da ƙararta!"

Darasi: Kada tsoro ya sa ka wulaƙanta wanda yake sayar da ransa don wasu su rayu, domin ba ka san ranar da ƙofarka za ta koma wadda kowa ke gudu ba. Kai kuma da aka zalunta, ka tsaya a kan gaskiyarka, amma kada ka bari zalunci ya cire maka tausayi. Ku tura wa 'yan uwa, musamman wanda ke da maƙwabcin da suka daina gaisawa.